Ɗan Ɗakin Kurmin Dundu

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da madaɓi ba, ya ɗaga sama ba da azara ba. Bayan haka, ya ku masu saurare, ni ne Nomau ɗan Jatau, magini ɗan magini, mutumin Gangaren Rimi. Abin da zan faɗa muku idona ya gani, hannuna ya taɓa, wani kuma gadon bayana ne ya ɗauka.

Tun ina saurayi tambaya guda ta hana ni sakat: me ya sa ginin mutanen da yake tsayawa har jikokin jikoki, namu kuwa 'yan damuna kaɗan su kwantar da shi? Na tambayi mahaifina, ya ce shi ma haka ya tarar. Sai na rataya gizagona, na nemi albarkarsa, na shiga duniya.

Na ratsa ƙasar Balmaru, inda ake gini da curin gishiri, awaki na lasar katanga har ta huje. Sarkinsu ba ya barin magini ya bar gari, don gyara ba ya ƙarewa. Sai da na kwanta cikin mangalar jaki, wani falke ya lulluɓe ni da gishiri, na fita ƙofar gari a matsayin kaya. Na zauna a Tudun Shamuwa, inda ake ɗaure ɗakuna a kan rassan kuka, iska na lilo da mutum yana cin tuwonsa. Duk ban sami abin da nake nema ba. Daga nan na shiga kwalekwale, na haye Baƙin Tafki wanda ba a hango gaɓarsa, na sauka a Kalgwara.

Kalgwara gari biyu ne. Akwai sabo a bakin ruwa, akwai tsoho a can tudu, wanda aka watse aka bari tun da kogi ya sauya hanya. Bayan kufan kuma sai Kurmin Dundu, dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa sai tsaka.

Ban gama wanke ƙafa ba aka ce maigida Barmo na kira. Shi ne mai duk jiragen tafkin, ba mai shiga ƙasar ko fita sai da yardarsa. Na same shi a zaure, kakkaura, mai taushin murya. Ya sa aka kawo mini fura da gasasshen kifi. Bakinsa na dariya, idonsa kuwa na auna ni kamar mai sayen rago.

Ya ce, "Malam magini, an ce ginin mutanen da kake bi. To, ka iso. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin kurmi, nan uwarmu ta haife mu, ni da yayata Yalwa. Yaya ta yi fushi da ni, ta shiga daji shekara da shekaru. Tsufa ya kama mu duka. Ina so ka tayar da ɗakin nan yadda yake a da, ko ta gani zuciyarta ta yi sanyi ta dawo. Amma da sharaɗi: kada ka sa sabon abu ko ɗaya. Kyaure, azara, taga, duk ka tsinto daga kufai. Na buɗe maka kufan, ka tone duk kangon da ka ga dama."

Raina ya yi fari, don abin da na baro gida dominsa ke nan. Duk da haka na ce, "Ranka ya daɗe, garin nan ba magina ne?"

Ya ce, "Akwai. Hannunsu ya saba da sabon yayi."

"Ƙofar ɗakin ina take kallo a da?"

Ya ce, "Ai kai ne magini."

Mutumin da aka haifa a ɗaki, bai san inda ƙofarsa ke kallo ba. Na haɗiye wannan tare da furata.

Ya haɗa ni da wani bawansa, Kwasau, wai ya riƙa taya ni ɗaukar kaya. Dogo ne, ƙato, tsohon matuƙin jirgi, da tabon sarƙa a wuyan ƙafarsa. Magana ba ta dame shi ba. Inda duk na juya, idonsa na kaina. Da muka bi ta kasuwa na tsaya gaishe da wasu magina a rumfarsu, na faɗa musu aikin da aka ba ni. Babbansu ya dubi Kwasau, ya dube ni, ya ce, "Allah ya fid da kai," ya tashi ya bar abincinsa.

Ɗakin kuwa ɗan mitsitsi ne, in mutum ya kwanta ya miƙe hannu sai ya taɓa bango. Rufin ya rufta, bangon yamma ya zube, wata kanya ta tsiro a tsakar ɗaki, gara ta gama da duk wani abu na itace. Bayansa akwai kwazazzabo mai zurfi. Amma da na ƙwanƙwasa abin da ya rage na bangon, sai ya amsa mini kamar dutse. Na durƙusa ina shafa shi kamar wanda ya ga ɗan'uwa.

Ina kwashe ɓaraguzai sai hannuna ya ci karo da gizago. Ba tsoho ba ne, ƙotarsa ma ba ta yi baƙi ba. Magini ba ya tafiya ya bar gizagonsa. Na ɗaga shi na ce, "Kwasau, na wane ne?"

Ya ce, "Mai shi ya yi tafiya."

"Zuwa ina?"

Ya juya ya ci gaba da saran kanya.

A kufai na gamu da wata tsohuwa. Tana zaune a inuwar wani kango, ta jera tarkace a gabanta: ƙusoshin maƙera, fasassun tukwane, marfin akwati. Siririya ce, fara fat da furfura. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙudan zuma. Sun lulluɓe mayafinta, suna hawa hannunta suna sauka, wasu na kewaya kanta kamar hayaƙi, ita kuwa ko a jikinta. Kwasau ya ja tunga daga nesa, bai ƙara taku ɗaya ba.

Na ce, "Sannu da hutawa, Iya."

Ta ce, "Yawwa, ɗan nan. Kyauren da ka ɗauko bai yi ba. Na ɗakin kurmi na ƙirya ne, guntu, mai ƙusoshi masu kan tasa. Shiga kangon can mai tsamiya, yana jingine bayan rumbu. Kuma gabas yake kallo."

Na shiga, na same shi daidai yadda ta faɗa. Wa ya gaya mata aikina? Na ce a raina, ko dai 'yar leƙen asirin Barmo ce, ko kuwa ba mutum ba ce. Na yi addu'a na tofa, na saɓi kyauren.

Daga ranar kullum sai na same ta, kullum kuma da abin da za ta nuna mini. Ita ta kai ni masallacin da ya rushe, inda na zaro azarar giginya da ta girmi kakana amma ko gara ba ta taɓa ba. Ita ta nuna mini 'yar taga ta baƙin ƙarfe mai siffar ganyen kuka, da tukwanen da ake binnewa a bango a riƙa ajiya, da fitilar aci-balbal ta tagulla a ƙarƙashin toka. Wata rana ta ga ina kwaɓa ƙasa, ta yi tsaki.

"Haka kuke yi a garinku? Ku kwaɓa yau ku gina yau? Mutanen da sai sun daka tsohon bango sun zuba cikin sabuwar ƙasa, su jiƙa da ruwan makuba, su rufe su bar ta ta ruɓa har warinta ya kori mutum. Sannan ta zama ƙasar gini."

Na yi yadda ta ce. Tubalin da na samu, da na jefa shi kan dutse, dutsen ne ya ɓantare. Na yi murna, amma murnar ba ta zauna ba, don ban san abin da za ta nema a madadin wannan ba.

Bango ya tashi, na jera azara, na yi rufi. Sai ga Barmo a kan alfadari ya zo duba aiki. Ya zagaya, ya yaba, sannan ya shiga kawo nasa.

"Tagar nan ka yi mata marfi, a riƙa rufewa ta waje. Ƙasan kyaure kuma kada ka bar ko kafar da tururuwa za ta bi. Sakata ka sa ta waje."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da ta ciki suke sa sakata."

Ya dafa kafaɗata, hannunsa da nauyi. "Yaya ta tsufa, hankalinta na rawa. Kada ta fita ta faɗa kwazazzabo. Ka gama lafiya, jirgina na jiranka ya kai ka duk inda kake so."

Washegari na bar Kwasau a inda ya saba tsayawa, na je na tsuguna gaban tsohuwar, ƙudan zuma na shawagi a kunnena. Na rage murya na ce, "Iya, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ke ce Yalwa?"

Ta ce, "Sai yau ka gane?"

"Maigida ya san kina nan?"

"Ya sani sarai. Ɗan kishiyar uwata ne, ba a ɗakin nan aka haife shi ba, ko kwana bai taɓa yi a ciki ba. Ka ga waɗannan?" Ta ɗaga hannu, ƙudan suka taru a tafinta. "Zumarsu na wanke hakiya daga ido. Uwata ce ta yi kiwonsu, ta bar mini. Duk wanda ya zo da makahonsa ina ba shi. Barmo yana so in nuna masa inda uwar amya take, ya zama sai ta hannunsa. A fili ba mai iya taɓa ni, ya gwada, mutanensa sun sha wuya. Sai in an raba ni da su, an rufe ni a ɗaki, an kore su da hayaƙi. Ni kuwa na rantse ba zan ƙara shiga ƙarƙashin rufi ba sai na uwata. Ya san da rantsuwar."

Na ce, "Mai gizagon da na tsinta fa?"

"Ya ƙi sa sakata ta waje. Aka sa shi a jirgi, jirgin ya dawo ba shi."

Na ce, "To Iya, kin san tarko ne, me ya sa kike taya ni haɗa shi?"

Ta dubi wajen kurmin ta ce, "Ɗan nan, ina so in ga ɗakin uwata a tsaye kafin in mutu. Ranar da ka gama zan shiga. Abin da zai biyo baya, wannan kuma ya rage naku."

Na koma ina saƙe-saƙe. Barmo ya ce hankalinta na rawa, ita ta ce shi macuci ne. Wa ya ga hakiyar da zuma ta wanke? Ni dai ban gani ba. Abin da na gani shi ne gizago ba mai shi, da sakata ta waje. In na ƙi aikin, tafki na jirana. In na gama, wa ya ce mai irin wannan sirri zai bar ni in tafi da shi a baki?

Sauran aikin da ya rage shi ne gadon ƙasa, irin na tsofaffi, mai ramin wuta a ƙarƙashi don ɗumi. Na gina shi jikin bangon baya. Ramin wutar kuwa na zurfafa shi, na karkata shi ya bi ta ƙarƙashin harsashin gini ya nufi kwazazzabo. Ƙasar da nake fitarwa ita nake kwaɓawa in yi yaɓe, don kada a ga tari. Ina yin tonon ne da tsakar rana, lokacin da Kwasau ke kishingiɗa a gindin maɗaci ya rufe fuska da hula.

Ran nan na fito da baya daga bakin ramin ta wajen kwazazzabo, jikina duk jar ƙasa, sai na ga ƙafafu biyu a gabana, ɗaya da tabon sarƙa.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Magudanar ruwa ce. Haka mutanen da suke yi."

Ya sunkuya ya leƙa, ya dubi faɗin ramin, ya dubi faɗin ƙirjina. Ya ce, "Ruwan garinku da kafaɗu yake."

Ya hau tudu abinsa. Da yamma na ga ya nufi gidan Barmo kamar yadda ya saba. Ya faɗa? Bai faɗa ba? Na rasa ci, na rasa sha. Na rufe bakin ramin da tsohuwar zana da busasshen ganye, na ciki kuma na ɗora masa faifan dutse na barbaɗa toka. Na daɓe ƙasan ɗaki har ya yi sheƙi, na shafe bango da makuba, na zana ƙofa da farar ƙasa yadda Yalwa ta kwatanta mini, na rataya fitilar tagulla. Na kafa sakata ta waje.

Ranar da aka gama, da hantsi, kurmin ya yi tsit fiye da kullum. Ban ga kowa ba, amma na ji warin ɗanyen ganye da aka tara, na kuma hango ƙafar alfadari bayan wata ɗorawa. Can sai ga Yalwa tafe da sanda, ƙudan zuma na bin ta kamar gajimare. Ta tsaya a ƙofa, ta shafa ƙusoshin kyauren ɗaya bayan ɗaya. Ta karkaɗe mayafinta a hankali, ta ce musu, "Ku jira ni." Suka tashi suka taru a reshe. Ta cire takalmi, ta yi sallama kamar akwai mai amsawa, ta shiga.

Ina tsaye a bakin ƙofa sai na ji an hankaɗa ni ta baya, na faɗa ciki. Kyaure ya rufe, sakata ta faɗa, marfin taga ya biyo. Waje ya kaure da ihu da ƙarar wuta, mutanen Barmo na kunna ɗanyen ganye kewaye da ɗakin.

Muryar Barmo ta zo ta jikin kyaure, da taushinta. "Yaya, barka da dawowa gida. Ki huta. In kin tuna inda amyar take, sai ki ƙwanƙwasa. Malam magini zai taya ki zama, kada kewa ta dame ki."

Na laluba na kama hannunta cikin duhu, na ce, "Iya, taso, akwai hanya."

Ta ce, "Dakata."

Ta zauna bakin gado. Ina jin tafinta na bin bango, ta sami tukunyar ajiya, ta sa hannu ciki. Ta ce, "Nan take ɓoye mana ƙuli-ƙuli." Sai na ji tana kuka a hankali. Ni kuwa a ƙagauce nake, amma ban iya ce mata ta yi sauri ba. Sai da ta gama don kanta, ta share fuska, ta ce, "To, ya isa. Ina hanyar taka?"

Na janye dutsen. Na shiga gaba da rarrafe, tana riƙe da dugadugina. Ramin ya matse, ƙasa na zubo mana a ka. Da na kai ƙarshe na ture zana, haske ya bugi idona, sai ga ƙafar nan mai tabon sarƙa, da gatari a gefenta.

Na ce shi ke nan, kwana ya ƙare. Kwasau ya dube ni, ya dubi furfurar da ke fitowa bayana. Sai ya ajiye gatarin, ya fizgo ni waje kamar ɗan akuya, ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar ya goya.

Ya ce, "An aiko ni in tsare bayan ɗaki. Ga shi ina tsarewa. Ku bi ni ta cikin kwari."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

Ya ce, "Na san yadda sakata take ga wanda aka rufe a ciki."

Ba mu yi nisa ba Yalwa ta ce a sauke ta. Ta sa yatsu a baki ta yi wani siririn fito. Ƙudan da hayaƙi ya kora suka zubo cikin kwazazzabon, wasu kuma suka ɓullo daga cikin kurmi, har rana ta dushe. Ba su tsaya kanmu ba. Ta nuna musu bakin ramin da sandarta, suka dunguma ciki kamar ruwa a indararo.

Muna kan tudun tsallake muka hango sauran. Barmo ya gaji da jiran ƙwanƙwasa, ya matso yana kiran Yaya, Yaya, ya kara kunne a kyaure. Rurin da ya ji a ciki maimakon muryar mutum ya sa shi zare sakata da hannunsa don ya duba, sai ƙudan suka fito masa gaba ɗaya. Ban taɓa ganin mai ƙiba ya yi irin gudun nan ba. Mutanensa suka watsar da wuta, alfadari ya tsinke igiya, kowa ya nufi tafki. An ce sai da ya yini cikin ruwa, hancinsa kaɗai a waje, kuma daga ranar bai ƙara taka kurmi ba.

Yalwa ta koma ɗakinta. Ƙudan suka kama azara suka fara saƙa, ita tana ƙasa suna sama. Na cire sakatar na mai da ita ciki, na ɓalle marfin taga. Ina wannan aiki aka jawo wata mata mai hakiya daga ƙauye, na ga an ɗiga mata zuma, na kuma ga ta koma gida ba mai riƙe mata sanda.

Tafki ya haramta gare mu, don haka Kwasau ya ce zai fid da ni ta bayan kurmi, ta hanyar mafarauta, shi ma ba zai dawo ba. Yalwa ta rako mu har bakin kwazazzabo, ta ba kowannenmu ɗan goran zuma. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini. Na daɗe ina zarginki, har na ɗauka ke ba mutum ba ce."

Ta yi dariya har da tari. "Ni ma ban yarda da kai ba, ɗan nan. Baƙon da Barmo ya ciyar? Tsaya, kada ka motsa."

Ta miƙa hannu bayan wuyana, cikin naɗin rigata, ta ɗauko wani baƙin ƙudan zuma, ya kai girman babban yatsa, irin da ban taɓa gani cikin sauran ba. Ya kwanta lamo a tafinta.

Ta ce, "Tun ranar da ka fara gaishe ni yake nan. Irinsu sau ɗaya suke harbi, ba a kuma tashi. Da ka kafa sakatar nan ba ka tona rami ba, da ba ka ga la'asar ba."

Ta hura shi, ya tashi ya shige kurmi. Na shafa wuyana, na ji gumi ya jiƙa shi sharkaf. Kwasau, wanda ban taɓa jin dariyarsa ba, ya ƙyalƙyale har ya dafa itace, sannan ya tsaya cak, ya shiga lalubar wuyan tasa rigar.

Yalwa ta ce, "Kai naka biyu ne. Juyo."

Nan labarin Kurmin Dundu ya tsaya. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda harshe ya zame, ku yafe wa matafiyi.